KWANA UKU A WUSASA, GINDIN DUTSEN KUFENA

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Na daɗe ina jin wannan karin magana, har ma na sha rubuta shi a wannan fili, amma sai cikin daminar da ta wuce na gane cewa wani lokaci ilmin da tafiya take buɗe wa mutum na halin kansa ne, kuma ba kullum yake da daɗin ji ba. Wusasa na nufa, wani gari da ke gefen birnin Zariya, inda Hausawa Kirista suka yi kusan shekara 100 da zama. Niyyata ita ce in ga tsohuwar majami'ar nan ta ƙasa da ake labari, in kuma ji daga bakin mutanen wurin yadda suke aiki da koyarwar Linjila a gona da kasuwa da cikin gida. Ni Musulmi ne, kuma ba gardamar aƙida ce ta kai ni ba. Wani abokina ne da muka yi karatun aikin jarida tare, haifaffen garin, ya daɗe yana yi mini tayi, ni kuwa ina ta ɗaga masa rana, har dai kunya ta sa na shirya.

A KAN HANYA

Mun bar tashar Kawo a Kaduna ran Jumma'a da yamma lis, mu bakwai har da direba cikin wata ƙaramar mota. Tsakanin Kaduna da Zariya tafiyar kilomita 80 ce ko kusa da haka. Mun wuce Mararrabar Jos, mun wuce Jaji, hadari ya haɗo, duhu ya fara shiga, sai fitilar mota ta hasko wani babur kife a gefen titi. Buhun masara ya fashe, ƙwaya ta watse har tsakiyar kwalta, can gaba kaɗan kuma ga mutum kwance rubda ciki, hannunsa ɗaya yana motsi. Direba ya sassauta kamar zai tsaya, sa'an nan ya sake taka mota. Wani fasinja a gaba ya ce madalla, ai irin tarkon da ɓarayi suke kafawa ke nan. Na kusa da ni ya ce ko da ba tarko ba ne, duk wanda ya ɗauki mai rauni ya kai asibiti shi ake fara riƙewa. Wata mata ta ce Allah sarki, ta gyara gyalenta. Ni kuwa, mai rubuta wa jama'a nasiha kowane mako, ga waya a hannuna, ban ce uffan ba, ban kuma kira kowa ba. Kafin mu kai Ɗan Magaji har an koma hirar tsadar taki.

A Ɗan Magaji na sauka, inda abokina yake jirana. Muka isa gidansu bayan lisha, aka shimfiɗa mini tabarma mai tsabta, aka nuna mini gabas, aka ajiye mini buta, ba tare da na roƙa ba. Mahaifinsa, wani dattijo tsohon malamin makaranta wanda kowa yake kira Baba, ya tambaye ni hanya. Na ce lafiya lau. Wannan ita ce ƙaryar da na fara yi a gidan.

ASALIN GARIN

Da gari ya waye ran Asabar, Baba ya ɗauki sandarsa ya ce in biyo shi. Abin da ido yake fara gani shi ne Dutsen Kufena, wanda tarihin Zazzau ya san da zamansa tun kafin a yi mafarkin zuwan Turawa. A gindinsa garin yake kwance, da itatuwan mangwaro da dalbejiya, da gidaje irin namu masu zaure. Baƙon da ya ji ana gaisuwa da kiran sunaye irin su Audu da Ladi da Tanko ba zai san gidan Kirista yake wucewa ko na Musulmi ba, sai fa in an kira Bulus ko Rahila.

Labarin ya faro ne daga shekarar 1900, sa'ad da wata tawagar Turawan Mishan na ƙungiyar C.M.S. ƙarƙashin Bishop Tugwell ta isa Kano. Sarkin Kano Aliyu Babba bai yarda su zauna ba, suka juyo suka yi zango a Girku cikin ƙasar Zazzau. A cikinsu akwai wani saurayin likita, Walter Miller, wanda ya koyi Hausa a Tarabulus wurin Hausawan da ke can. A 1905, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, ya zauna cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta. A 1913 waɗansu mutane suka zo wurinsa daga jama'ar da ake kira Isawa, watau mabiyan wani Malam Ibrahim da aka kashe a Kano zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi saboda matsayin da yake bai wa Annabi Isa cikin wa'azinsa. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, amma ba a yi shekaru da yawa ba ciwon barci, wanda ƙudan tsando yake kawowa, ya yi musu mummunar ɓarna, waɗanda suka tsira suka komo Zariya. Wajen 1929 aka fitar da Mishan daga cikin ganuwa aka kawo shi nan Wusasa. A 1932 kuma aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, aikin da Miller ya sha wahalarsa ƙwarai. Shi kansa ya rasu a 1952.

Ƙaramin gari ne, amma ya fitar da mutane. Daga wannan jama'a aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda ya yi karatu a Birmingham ta Ingila, ya kuma shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1949. Daga nan aka sami Farfesa Ishaya Audu, jinin Isawa, ɗan ƙasa na farko da ya riƙe Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, kana ya zama Ministan Harkokin Waje a 1979. John Tafida, wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, ɗan nan ne. Janar Yakubu Gowon, wanda ya mulki Nijeriya daga 1966 zuwa 1975, a ƙasar Filato aka haife shi a 1934, amma a nan ya tashi, domin iyayensa ma'aikatan Mishan ne. Baba ya ce in ina son in ga misalin ƙwayar mastad da Linjila ta kawo, watau ɗan mitsitsin iri da yake girma har tsuntsaye su sami wurin sheƙa, to, in dubi 'yan yaran da suka tsira daga Gimi, in dubi abin da ya fito daga cikinsu.

GININ DA YA JI HAUSA

Daga nan muka shiga tsohuwar majami'ar Saint Bartholomew, wadda aka gina a 1929. Gani ya kori ji. Ginin ƙasa ne mai kaurin bango, an ɗaure rufinsa da bakan gizo irin na sorayen sarakuna, da shigarka sai ka ji sanyi ya ratsa ka. Wanda ya taɓa shiga tsohon Masallacin Jumma'a na birnin Zariya, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu, zai gane cewa sana'a ɗaya ce ta tayar da su duka biyu. Baba ya dafa bangon ya ce ginin ƙasa yana koya wa mai shi darasi, domin in an yi damina biyu ba a yi masa yaɓe ba, ba a duba indararo ba, to, sai labari. Ya ce Linjilar Matiyu ta rufe babban wa'azin Yesu Almasihu da labarin magina biyu, ɗaya ya kafa harsashinsa bisa dutse, ɗaya bisa rairayi, ruwa da iska suka zo suka bambanta su. Duka biyun sun ji wa'azin, in ji Baba, abin da ya raba su shi ne ɗaya ya aikata, ɗaya ya tsaya ga ji.

Ba nisa da majami'ar akwai asibitin Saint Luke, wanda aka sa wa sunan Luka marubucin Linjila, domin Kirista sun ɗauka cewa likita ne. Na tsaya a bakin ƙofa na ɗan lokaci ina kallon masu shiga. Ga mata da hijabi goye da yara, ga Fulani da sandunansu, ga masu gicciye a wuya. Akwai kuma kwalejin horar da limaman coci ta Saint Francis, da makarantar Kufena wadda a da ake kira Saint Paul. Majami'a, asibiti, makaranta: a kan waɗannan duwatsun murhu uku aka girka garin.

A GONAR BABA

Da hantsi muka gangara gonarsa. Masara ta yi goyo, dawa tana tashi. Na tambaye shi misalin mai shuka, wanda Matiyu da Markus da Luka duk suka kawo. Ga yadda labarin yake a taƙaice. Wani manomi ya fita shuka, waɗansu ƙwayoyi suka zuba a kan turba tsuntsaye suka tsince, waɗansu a kan marmara suka tsiro da wuri rana ta ƙone su, waɗansu cikin ƙaya ta shaƙe su, waɗansu kuma a ƙasa mai kyau suka ba da riɓi 30, da 60, har da 100.

Baba ya yi dariya ya ce sa'ad da yake yaro wannan manomi ya ba shi haushi, domin Bahaushe ba ya zubar da iri haka. Mu sara muke yi da sungumi, a jefa ƙwaya uku ko huɗu, a rufe da diddige. Sai daga baya ya gane cewa manoman can yafi suke yi, kamar yadda ake yafa acca ko shinkafa, shi ya sa iri yake faɗawa ko'ina. Sa'an nan ya sunkuya ya tumɓuke wata ciyawa mai jan fure daga gindin dawa ya miƙo mini. Wuta-wuta ce. Ya ce, “Ɗana, ga ƙayar ƙasarmu. Tun tana ƙarƙashin ƙasa take kama saiwar dawa tana tsotsa. Ran da ka ga furenta, ta riga ta gama ɓarna. Haka hassada take, haka son kuɗi yake. Mutum yana zuwa sujada kowace Lahadi, ganyensa kore shar, amma ba zangarniya.”

Na ce, “To Baba, ke nan wanda zuciyarsa ta zama fako ya shiga uku?” Ya ce a'a, ai manomi ba ya gudun gonarsa. Fako ana kafce shi a zuba taki, tsakuwa ana tsince ta, gonar da wuta-wuta ta kama ana juya ta da waken soya ko gyaɗa har ta farfaɗo. Kuskuren da masu sauraro suke yi, in ji shi, shi ne kowa yana jin misalin yana rarraba maƙwabtansa, wane turba ne, wance marmara ce, ya manta da tasa gonar. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ya ce Linjila ma ta yi wa irin wannan mutum ba'a, mai gungume a idonsa yana neman cire wa ɗan'uwansa ɗan hakin da ya faɗa masa.

Da muka komo gida na tarar da Mama, uwar abokina, tana awon hatsi a zaure, domin sana'arta ke nan. Galibin masu sayenta Musulmi ne daga ƙauyukan kewaye. Na lura tana cika tiya har ta yi tozo, ta girgiza, ta ƙara. Na yi mata wasa na ce a haka yaushe za a ga riba. Ta ce tun tana amarya aka karanta musu a taron zumuntar mata cewa Allah zai yi wa kowa awo da irin tiyar da ya riƙa yi wa jama'a awo da ita, tun ran nan take tsoron kwanon da aka buga wa gindi. Na gaya mata mu ma muna da sura guda a Alƙur'ani, Mutaffifina, wadda ta yi kashedi mai tsanani ga masu tauye mudu. Ta ce to ashe ba wanda zai ce ba a gaya masa ba, amma dubi kasuwanninmu.

RAN LAHADI

Ran Lahadi na bi su sujadar Hausa, aka ba ni wuri a baya a matsayin baƙo. 'Yan zumuntar mata, sanye da zane iri ɗaya, suka yi waƙa da tulu da kacau-kacau. Mai wa'azi ya ɗauko misalin bawan nan da ke cikin Matiyu sura 18. Sarki yana binsa talanti 10,000, ya faɗi ya yi roƙo, sarki ya yafe masa duka. Fitarsa ke da wuya sai ya gamu da wani abokin bautarsa da yake bi dinari 100, ya shaƙe shi, ya sa aka kulle shi. Labari ya koma wa sarki, ya janye afuwar. Mai wa'azin ya yi musu lissafi dalla-dalla. Dinari ɗaya shi ne ladan ɗan ƙodago na yini guda, talanti ɗaya kuwa dinari 6,000 ne. Watau an yafe wa mutumin ladan yini miliyan 60, shi kuwa ya kasa haƙuri da na yini 100. Sa'an nan ya ce kowa ya tuna da wanda ya daina gaisarwa, ya kuma tuna nawa ne kuɗin. Majami'a ta yi tsit.

A hanyar komawa gida na tambayi Baba ko wannan yafiya tana yiwuwa a aikace. Ya tuna mini da watan Maris na 1987, sa'ad da rikicin da ya tashi a Kwalejin Ilmi ta Kafanchan ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da waɗansu garuruwa, aka yi asarar rayuka, aka ƙone wuraren ibada, majami'u da yawa na Zariya suna ciki. Ya ce ya ga wannan da idonsa, kuma ya yi shekaru kafin zuciyarsa ta sauka. Ya tuna kuma da Janairun 1970, sa'ad da yaƙin basasa ya ƙare, Gowon ya shelanta cewa ba wanda ya yi nasara, ba wanda aka ci, bai kuma kafa kotun ramuwa ba. Mutane suna da ra'ayi iri iri a kan yaƙin da abin da ya biyo baya, in ji Baba, amma su a nan sun san inda yaron ya fara jin irin wannan magana.

Sai dai bai bar ni in tafi da zaton cewa Wusasa aljanna ce ba. Ya ce a nan ma ana rigimar gado, ana shari'ar fili, ana gaba a kan muƙamin coci, samari suna zaman banza. Shi kansa ya yi shekara uku ba ya magana da wani ɗan'uwansa a kan kunya biyu ta iyakar gona. Ya ce ya iske yafe wa taron da bai san fuskokinsu ba ya fi masa sauƙi bisa ga yafe wa mutum ɗaya da suke haɗuwa kullum a bakin rijiya.

MUTUMIN BAKIN TITI

Wannan gaskiya da dattijon ya faɗa a kan kansa ita ta kwance mini baki. Da dare, muna zaune a ƙofar gida, na ce, “Baba, ran da na zo kun tambaye ni hanya na ce lafiya. Ba lafiya ba ce.” Na kwashe labarin mai babur na gaya masa. Ya yi shiru har na zaci ba zai amsa ba. Can sai ya ce ko na san labarin Basamariye, wanda ke cikin Luka sura 10. Na ce na san sunansa kawai.

Ya ce wani masanin Attaura ne ya nemi Yesu ya fayyace masa ko su wa ake nufi da maƙwabta, tun da an umarci mutum ya ƙaunaci maƙwabcinsa. Sai aka ba shi labarin wani matafiyi da 'yan fashi suka tare a hanyar Urushalima zuwa Yariko, suka tuɓe shi, suka yi masa jina-jina, suka bar shi tsakanin rai da mutuwa. Limamin Haikali ya zo ya gan shi ya ratse. Wani Balawe, ma'aikacin Haikali, shi ma ya ratse. Sai wani mutumin Samariya ya tsaya, ya wanke masa raunuka da mai da ruwan inabi, ya ɗaure, ya ɗora shi bisa dabbarsa, ya kai shi masauki ya kwana yana jinyarsa. Da safe ya ba mai masaukin dinari 2, ya kuma yi alkawarin biyan duk abin da aka ƙara kashewa in ya komo.

Baba ya ce in lura da abu uku. Na fari, hanyar nan ba ta wasa ba ce. Tafiyar kilomita 27 ce ko kusa, cikin hamada da kwazazzabai, tana gangarawa fiye da mita 1,000, kuma an san ta da 'yan fashi. Saboda haka tsoron waɗanda suka ratse ba na banza ba ne, daidai yake da tsoron direbanmu. Na biyu, tsakanin Yahudawa da Samariyawa akwai tsohuwar gaba ta addini, waɗannan suna fuskantar Urushalima, waɗancan Dutsen Gerizim, inda ragowarsu suke har yau. Watau da gangan aka ɗauko mutumin kirkin daga ɓangaren da masu sauraro suka raina. Na uku, a ƙarshe an juya wa mai tambaya tambayarsa. Shi ya zo neman a shata masa iyakar waɗanda ya wajaba ya taimaka, sai aka nemi ya faɗi wanda ya zama maƙwabci ga mai raunin cikin mutanen uku.

Ya ce in da a ƙasarmu aka ba da labarin, to, in a coci ne Basamariyen zai zama Bafulatani mai rawani, in kuma a masallaci ne zai zama wani mai suna Bitrus. Ya kawo mini misalin Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar Yelwa a ƙaramar hukumar Barikin Ladi ta Jihar Filato. Ran 23 ga Yuni 2018, sa'ad da mahara suka auka wa ƙauyukan yankin, wannan dattijo mai shekara 83 a lokacin ya ɓoye mutum 262, galibinsu Kirista, cikin masallacinsa da gidansa, ya tsaya a waje ya ƙi ba da su. A 2019 gwamnatin Amurka ta ba shi lambar girma. Baba ya ce a shekarar nan ba a yi wa'azin Basamariye da ya kai na wannan limami ba, ga shi kuwa bai hau mumbarin kowace majami'a ba.

Bai yi mini faɗa ba. Ya ce shi ma ya taɓa ratsewa, ba sau ɗaya ba. Amma ya ce, “Ɗana, ban ce lalle ku tsaya cikin duhu ba. Sai dai tsakanin tsayawa da wucewa akwai wuri mai faɗi. Waya tana hannunka. Akwai gari a gabanku, akwai shingen jami'an tsaro. Mutum bakwai, aka rasa mai baki ɗaya?” Ban sami amsa ba, har yanzu kuwa ban samu ba.

KOMAWA

Da na komo ofis na bincika abin da ya kamata a ce na sani tun tuni, ga shi kuma ina sanar da masu karatu. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana da lambar kiran gaggawa, 122, akwai kuma lambar gaggawa ta ƙasa, 112. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin duba wanda yake cikin halin gaggawa, ko da wane dalili. Wata doka ta 2017 ta wajabta karɓar wanda aka harba da bindiga ko da babu takardar 'yan sanda, ta kuma ce a mutunta wanda ya kawo shi, kada a dame shi da tambayoyin da ba su da dalili. Gaskiya ne ba ko'ina ake bin waɗannan dokoki ba, shi ya sa tsoron fasinjan nan yake da tushe. Wajibi ne hukumomi su tabbatar da su, su kuma yayata su da harsunan da jama'a suke ji, domin ƙasar da mai taimako yake tsoron taimako ta taimaki 'yan fashi ba ta sani ba. Amma doka ba za ta ɗaga wa kowa waya ba.

Na tafi Wusasa da zaton zan rubuto labarin yadda waɗansu mutane suke bin littafinsu, sai na iske misalan da suke karantawa ba su tambayi addinina ba kafin su kama ni. Haƙƙin maƙwabci da cika mudu da yafe bashi duk an karanta mini su tun ina makarantar allo, kamar yadda aka karanta wa abokina a makarantar Lahadi. Bambancin aƙida tsakaninmu yana nan, ba wanda ya ɓoye shi, ba kuma wanda ya nemi ya ja ni. Abin da na gani shi ne masu ji sun yi yawa a ɓangarorin biyu, masu aikatawa ne suka yi ƙaranci, shi ya sa masallatai da majami'u suke cike, mutum kuwa yana kwance a bakin titi.

Ran Litinin da safe Mama ta ƙulla mini gyaɗa a leda, Baba ya raka ni har bakin hanya ya ce in gai da gida. Da muka kusa Jaji na matsa jikin taga ina duba. Babu babur, babu mutum. Sai ragowar masara a gefen kwalta, kurciyoyi suna tsattsaga. Ina roƙon Allah Ya sa wani wanda ya fi mu ya biyo bayanmu a daren nan. Allah Ya ba mu ikon aikata abin da muke ji, Ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.